Makabartar Tombstone: Matattu Sun Zama Haja

A kudancin jihar Arizona ta Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Tombstone, ma'ana dutsen kan kabari. A 1877 Ed Schieffelin ya shiga daji neman ma'adinai, aka yi masa ba'a cewa dutsen kabarinsa kaɗai zai samo. Sai ga shi ya ci karo da azurfa. Kafin a ce kwabo gari ya kafu, mahaƙa da 'yan kasuwa da 'yan caca suka cika shi.

Inda mutane suka taru kuwa dole a yi makabarta. Tasu ta fara aiki wajen 1878 a kan wani tudu, aka daina binne yawancin mutane a can a 1884 da aka buɗe sabuwa. Daga baya aka laƙaba mata Boothill, wato tudun waɗanda suka mutu da takalmi a ƙafa, ba a kan gado ba.

Sunan ma kansa talla ne, kuma a nan matsalata take. Yau mai ziyara yana tarar da kantin sayar da tsaraba a bakin makabartar. Daga nan sai ya nufi kaburburan Billy Clanton da Tom da Frank McLaury, mutum uku da aka kashe a harbe-harben da aka yi kusa da garken dawakai na O.K. Corral ranar 26 ga Oktoba, 1881, faɗan da bai wuce daƙiƙa talatin ba. A ɗauki hoto, a yi dariyar barkwancin da aka rubuta a wasu alluna, a wuce.

Amma dubi sauran. Tsibin duwatsu ne jere da juna a busasshiyar ƙasa, a kan da yawa an kafa allo an rubuta cewa ba a san mai kabarin ba. Akwai mahaƙa, akwai mata da jarirai, akwai 'yan China da suka riƙe wankau da girki a garin, akwai ɓangaren Yahudawa. Da guminsu gari ya tsaya, amma babu mai zuwa dominsu.

Adalci dai, ban ce masu yawon buɗe ido ba su yi rana ba. Da ruwa ya cika ramukan azurfa gari ya kusa mutuwa, makabartar ta koma kango, allunan katako suka ruɓe. Kwaɗayin baƙi na cikin abin da ya sa aka dawo aka share ta, aka kafa sababbin alluna. Sai dai gyaran ya zo bayan shekaru da dama, lokacin da sunaye da yawa sun riga sun ɓace, kuma akwai allunan da masana tarihi ke shakkar sahihancinsu.

Tunda kuɗi na shigowa, me zai hana a kashe wani kaso wajen tono tsofaffin jaridu da rajistar mamata na gundumar, ko a samo sunan mutum goma daga cikin waɗannan da aka manta?