Allurar ido ba ta bugu ɗaya ba ce

Jama'a, duk mai ciwon sukari a gidansa ya tsaya ya karanta.

A nan Tawa, da an ce wa dattijo jini ya zuba cikin idonsa, za a yi mai allura a ƙwayar idon, sai hankalin gida ya tashi. "Allura a ido? Ai tsiyaye shi za su yi!" Daga nan sai zuma, sai kwalli, sai tofi. Ba na raina addu'a, amma zuma ba ta isa inda jinin yake.

Sukari in ya daɗe yana cin ƙananan jijiyoyin tantanin bayan ido, wanda ke ɗaukar hoto. Tantanin in ya rasa jini sai ya saki wani sinadari, VEGF, ya tsiro da sabbin jijiyoyi marasa ƙwari. Su ke fashewa. Mutum ya tashi da safe ya ga baƙin zare na yawo gabansa, ko duhu kamar hayaƙi, kuma ba ciwo. Hawan jini da sikila ma suna jawo shi.

Ita allurar, minti kaɗan ce. A ɗiga maganin kashe zafi, a wanke da Betadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shiga ta farin ido, milimita 3 zuwa 4 daga bakin baƙin, a zuba ɗigo ɗaya. Ba tsotse jinin take ba, wannan sinadarin take daƙilewa, jijiyoyin su yanƙwane, jinin ya washe a hankali. Avastin, wanda ya fi sauƙin kuɗi cikin magungunan allurar, asalinsa maganin ciwon daji ne. A 2005 aka fara sa shi a ido, 'yan uwansa kuma, Lucentis ya fito a 2006, Eylea a 2011.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yin ta farko su ɓace. Ƙarfin maganin wajen wata guda ne. Baba ya fara gane fuskar jikoki, sai a ce alhamdu lillahi ya warke, takardar randebu ta shige ƙarƙashin katifa. Jijiyoyin kuwa su dawo, wani lokaci su ja tantanin ya ɓalle. Nan kuma sai tiyata, in ma ta yiwu.

Na san uzurin, kuma gaskiya ne. Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ga kuɗin mota, ga ɗan rakiya, ga magani. Shi ya sa nake cewa 'ya'ya su zauna tun farko su yi lissafin zuwa da yawa, su kuma tambayi lokotoro ƙarara ko za a haɗa da ƙonawar leza, don ita tana daɗewa.

In bayan allura ido ya yi ja, da zafi, gani na raguwa, a koma ranar, kada a jira randebu. Mai sukari kuma, ko yana zura zare a allura, a ɗiga mai maganin buɗa ido a duba tantanin bayansa sau ɗaya a shekara.