Lasisin bindiga: ko a ba mutum, ko a ce masa a'a ya san inda dare ya yi masa

Tun ranar da muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya fito a watan Agustan 2023 ya ce an dakatar da ba da lasisin riƙe ƙananan makamai maganar nan ta tsaya min a wuya, ta ƙi wucewa. Dalilin da ya bayar shi ne makamai sun yi yawa a hannun jama'a, ana ƙoƙarin tattaro su, don haka a dakata tukuna, wataƙila a sake dubawa nan gaba. Bai faɗi wata ba, bai faɗi shekara ba. Toh wanda ya riga ya cike fom ya kai, ya biya abin da aka ce ya biya, shi kuma fa? Haka zai yi ta zama kenan har yaushe?

Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne yadda wasu masana tsaro da 'yan boko suka yi ta tafi, wai an yi daidai, wai duk lasisi ɗaya da aka hana rai ɗaya aka ceta. Ina so in tambaye su, a duk ƙauyukan da aka tasa daga Zurmi zuwa Batsari zuwa Sabon Birni, wane ne aka taɓa kamawa da bindiga mai lasisi? Yaron da ke rataye da AK-47 a dajin Rugu bai taɓa ganin fom ba balle ya kai hoton fasfo. Wanda ke bin layi a ofis da takardunsa a hannu shi ne mutumin da ya yarda a rubuta sunansa da na unguwarsu da lambar bindigarsa, wato shi ne wanda hukuma ta fi iya kamawa ranar da ya yi ba daidai ba, kuma shi aka zaɓa aka rufe wa ƙofa. An bar jaki ana dukan taiki.

Mutane da yawa ba su san yadda dokar take ba, shi ya sa ake ruɗa su. Dokar makamai da muke aiki da ita ta 1959 ce, tun Turawa ba su tafi ba. Ta kasa bindigogi kashi uku. Ƙaramar bindiga ta hannu, wato fistol, tana cikin jerin haramtattun makamai tare da bindigogin soja, ba mai ba ka izinin riƙe ta sai Shugaban Ƙasa da kansa, in kuwa aka kama ka da ita babu takarda ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci. Bindiga irin ta farauta, kamar mai baki biyu, wannan a hannun Sufeto Janar take. Ta toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta ce kada a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Duk wannan ba ni da ja a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ba ta tilasta wa hukuma ta faɗi dalilin da ya sa ta hana ka ba, sai dai ta ba ka damar rubuta wa Shugaban Ƙasa ƙorafi in an hana ka. To ai sai an ce maka a'a sannan za ka yi ƙorafi. Wanda aka yi wa shiru, aka ajiye fayil ɗinsa a kan kanta yana shan ƙura, ƙorafin me zai rubuta? Ba a hana shi ba, ba a ba shi ba, an dai rataye shi a tsakiya, kuma a ganina wannan shirun ya fi hanin muni nesa ba kusa ba.

Ina da kawu, manomi ne kuma yana ɗan fataucin hatsi, mutum ne da ko tsawa bai iya yi wa yaro ba. Bayan an ɗauke maƙwabcinsa a gona sai da aka sayar da shanu biyu da babur kafin a fanso shi, kawu ya yanke shawarar neman izinin bindigar farauta ta hanyar da ta dace. Na ga takardun da idona, a cikin baƙar leda yake ajiye su ƙarƙashin katifa, fom da hotuna da takardar likita da wasiƙar shaida daga masu gari. Ya yi zarya ofishin da aka tura shi har kuɗin mota ya fara yi masa nauyi, kullum maganar ɗaya ce, "Baba ka yi haƙuri ka dawo, umarni bai zo daga sama ba." Ran da na je gaishe shi na tambaye shi inda aka kwana, sai ya ce min, "Ɗana, ni wallahi ko a'a su ce min in huta, in san ba ni da rabo." Bana gonar da ke nesa da gari bai noma ta ba. Kuma a kasuwar da yake cin hatsi akwai waɗanda suka sha yi masa tayin za su samo masa bindiga cikin kwana uku ba fom ba hoto, shi ne ya ƙi saboda tsoron Allah da tsoron hukuma. Mutum nawa ne za su ƙi irin wannan tayin?

Ga kuma rainin hankalin da shugabanni suka yi wa talaka a kan wannan magana. A 2021 Aminu Masari yana gwamnan Katsina ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta fitar da sanarwa cewa duk wanda ya cancanta ya nemi lasisi, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19, fom 9,500 kenan. Ba a je ko'ina ba kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce dama tun a lokacin akwai takunkumi a kan ba da lasisi kuma yana nan, shi ma babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Gwamna ya ce je ka, Abuja ta ce tsaya, kuma dukansu da rakiyar jami'ai masu bindiga suke yawo, gidajensu da masu gadi dare da rana. Mutumin ƙauye ne kaɗai aka bari da gora da addu'a.

Su kuma masu cewa makamai sun yi yawa, gaskiya ne sun yi yawa, Janar Abdulsalami Abubakar ma ya faɗa a 2021 cewa akwai kimanin miliyan shida a hannun mutane. Amma ta ina suka shigo? Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disambar 2018 makamai 178,459 ne ba a san inda suke ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. A Yulin 2024 hukumar kwastam ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar ruwa ta Onne. Wannan wanda aka kama kenan. Hukumar da ba ta iya ba da lissafin abin da ke cikin rumbunta ba ita ce take ce wa kawuna shi ne barazana, gwano dai ba ya jin warin jikinsa. In da gaske ake son rage makamai a fara daga rumbu da tashar ruwa da kan iyaka, a nan ɓarnar take.

Akwai kuma 'yan ɗaya ɓangaren masu ihun a sakar wa kowa bindiga kamar Amurka, waɗannan ba su san abin da 'yan sa-kai suka jawo a wasu garuruwanmu ba, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Abin da ya kamata su sani kawai shi ne ko a Amurkar, jihar New York da ta yi suna wajen tsaurara sharuɗɗa dokarta ta ba jami'i wata shida ya amsa takardar mai neman izinin ƙaramar bindiga, kuma kotun ƙolin ƙasar a hukuncinta na Yunin 2022 ta nuna cewa jan lokaci fiye da kima abu ne da mutum zai iya kai ƙara a kai. A bincika mutum, a tambayi mai unguwa da limami da maƙwabta, a sa shi ya koyi yadda ake riƙewa da ajiyewa, in ma wata uku binciken zai ci ya ci, jira mai iyaka ba ya kashe kowa, yana ma iya sa mai fushi ya huce. Wanda ba shi da ranar ƙarewa shi ne zalunci, kuma shi ke buɗe ƙofar cin hanci, don duk inda fayil ya kwanta sai an sami mai cewa kawo wani abu in tashe shi.

'Yan majalisarmu na Arewa da suka iya tsayawa su yi shiru na minti ɗaya duk lokacin da aka kashe mutane a mazaɓunsu, ga aiki nan. Su gyara dokar 1959 ɗin nan su sa wa'adi, kwana casa'in ya isa, a ba mutum ko a hana shi a rubuce tare da dalili, ya kuma sami inda zai kai ƙara kusa da shi ba sai fadar Shugaban Ƙasa ba. Rundunar 'yan sanda kuma ta fito ta gaya wa 'yan ƙasa takardu nawa ke jibge a hannunta, tun yaushe, kuma me za a yi da kuɗin da mutane suka biya.