Mai auna idon raga ba azzalumi ba ne

Daren Talata ina cikin Adaidaita Sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa gida, direban ya ƙure rediyo, ana shirin nan da ake buɗe wa jama'a layi. Zancen da ake yi shi ne na jami'an kula da kamun kifi da suka ƙwace ragar wasu masunta a bakin dam. Mutum wajen takwas suka kira kafin in sauka, bakinsu ɗaya: a ji tsoron Allah, a bar talaka ya nemi abinci, kifi na Allah ne. Wani har ya ɗaga murya yana cewa an rasa wanda za a kama sai mai kwalekwale. Ko mutum ɗaya bai tambayi wace irin raga aka ƙwace ba, alhali nan maganar take.

Ni na san irinta, domin ina ganin abin da take kamowa. Duk mai shiga kasuwar kifi ta titin Galadima a Sabon Gari da sassafe ya sha ganin daro cike da 'ya'yan karfasa da ba su fi faɗin yatsa biyu ba, ana auna su da kwano kamar gero. Wani dattijo da na daɗe ina sayen tarwaɗa a wajensa ya taɓa ɗebo su a tafin hannu ya miƙo mini. Na ce, "Baba, waɗannan ai ko miya ba za su yi ba." Ya ce, "Malam, da an bar su wata biyar, kowace ɗaya sai ta cika faranti. Abin da ake kawo mana ke nan, mu ma ba a son ranmu ba." Ya watsa su cikin daron ya goge hannu a riga.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1992 aka kafa dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108, wadda ta hana su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kusan inci uku, in ban da wasu keɓaɓɓun kayan kama ƙananan kifin da ba sa girma. Ta kuma hana zuba guba, da jefa nakiya, da sa wa ruwa lantarki. Kuma kada wani ya ce mana dokar Nasara ce. A Argungu ana rufe ruwan Matan Fada shekara guda cur, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ranar biki ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun kama ɗauka. Masuntan Hausa sun san hutar da ruwa tun kafin a rubuta takarda.

Dalilin inci ukun nan a fili yake. Karfasa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya har su yi ƙwari. Tarwaɗa kuwa da ruwan damina ya cika ya hau ciyawar gefe, nan take zuwa ta zuba ƙwai. Raga mai faɗin ido tana riƙe babba, ƙaramin ya zame ya wuce ya je ya girma ya hayayyafa. Amma mai jan dala, wato babbar ragar nan da ake ja, mai matsattsen ido, ko wanda ya ɗinke gidan sauron da aka raba don kare yara daga maleriya ya mayar da shi raga, yana bin daidai wannan gefen ne yana share uwa da 'ya'ya da ƙwai gaba ɗaya. Mai zuba Gamalin ya fi shi ɓarna: maganin ƙwari ne, yana kashe duk mai numfashi a wurin, sannan a kwashe gawar a ƙyafe ta a kawo mana gari, mu saya mu ba iyalinmu.

To wane talaka ake so a bari? Talakan da na sani a bakin ruwa shi ne mai kalli ɗaya da gora, wato ragar da ake kafawa a bar ta cikin ruwa, wanda ya kafa da yamma ya dawo da asuba ya tarar ba komai, saboda masu dala sun riga sun tace wurin. Shi ne yaron da ke zaune da fatsa tun hantsi har la'asar. Shi ne mai mamari da ya sa kuɗinsa a ƙugiyoyi. Babbar raga kuɗi ne da ita, sai mai hali ke mallakarta ya ɗauki yara suna ja masa. Idan jami'i ya ƙwace ta, haƙƙin mai kalli ya ƙwato. Masu kiran rediyo suna zaton suna kare mai rauni ne, amma wanda ke cinye rabon mai raunin suke tsaya wa.

Masu cewa kifi na Allah ne ba ya ƙarewa, gero ma na Allah ne, kuma ba manomin da ke dafa irinsa. Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da Challawa da ke Ƙaraye, da Watari, da Bagauda, da Thomas a Ɗambatta, duk ruwa ne da aka tare da bango, yana da iyaka, abin da ke cikinsa ma yana da iyaka. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke yawan ambata sun ce ƙasar nan na bukatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuma bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Shi ya sa jihar da ke da madatsun ruwa irin na Kano take cika tukunya da kifin ƙanƙara da ya ƙetaro teku, ana biyan sa da dalar Amurka.

Akwai kuma masu cewa a fara da masana'antun Bompai da ke tura dagwalo ta rafin Getsi zuwa kogin Jakara, da majemun Sharaɗa da Challawa. Gaskiya ne, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Jakara hancinsa ya shaida, kuma abin kunya ne yadda ake kawar da kai. Amma laifin mai kamfani bai halatta wa kowa jan gidan sauro a Tiga ba.

Idan akwai abin da za a zargi hukuma da shi, to ƙarancin wannan aikin ne. Jami'an ba su da yawa, sau da dama ba su da ko jirgin shiga ruwa, sai su tsaya a gaɓa suna hange. A bayyana sau ɗaya a yi kame, a ɓace wata shida. Tarar da ke cikin dokar da kuɗin 1992 aka rubuta ta, yau ko kuɗin kwano ɗaya na 'ya'yan karfasan nan ba lallai ta kai ba. Jami'in da ke karɓar na goro ya mayar da raga, shi ya fi kowa zubar da mutuncin aikin, kuma kora ce ta dace da shi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗan siyasar da ke buga waya a saki raga saboda ƙuri'ar ƙauye, sannan ya dawo a ɗauke shi hoto yana raba wa masunta kwalekwalen da za su shiga ruwan da ya taimaka aka ƙarar.

A rufe madatsun nan a tsakiyar damina, a ba masunta abin riƙe kai na waɗannan watanni. A sa sarakunan ruwa a gaba, su suka san mai jan dala da daddare. A sabunta tarar. Kuma jami'in ya riƙa shigowa titin Galadima da asuba, lokacin da motoci ke sauke kaya, ya leƙa cikin daro ya tambayi dillali daga wane ruwa aka kawo.