Ciwon kan da bai hana ni cin kaza ba

Kun san dai tiyata aka yi mini, da allurar kashe zafi ta baya, ina ji ina gani aka ciro yaro. Kwana biyu sai ciwon kai. In na tashi zaune, ƙeyata kamar ana dakan sakwara a ciki, wuya ya sage, kunne na ƙugi. In na kwanta, garau.

Ranar suna aka naɗa mini gwaggwaro, aka zaunar da ni a falo, dangin miji maƙil. Ban gama gaisuwa ba na sulale kan kafet, na miƙe ɗoɗar a gaban Hajiya, ƙafafuna na kallon surukai, ɗaurin ya gangara ƙarƙashin kujera. Falo ya yi tsit. Mai hoto bai fasa aikinsa ba. Abin takaici, ina kwanciya ciwon ya ɗauke, yunwa ta taso. A kwancen na miƙa hannu na ɗauko cinyar kaza.

Gwaggo ta tafa hannu: "Ikon Allah! Ciwo ya hana gaisuwa, bai hana tauna ba."

Gwaggon da kuka sani fa. Wadda ta ari kulata tun bikin Auta, ta dawo da ita ba murfi, wai haka ta gan ta. Ta shiga ba mutane labarin haihuwarta tara a ɗaki, washegari tana surfe. Ƙarshe ta turnuƙe ni da hayaƙi, wai kambun baka ne.

Da muka koma asibiti, likita ya fara auna ni ko hawan jini ne, tunda ni mai jego ce. Lafiya lau. Sai ya ce, "In kin kwanta yana tafiya?" Saura kaɗan in yi guɗa. Ya ce ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke iyo a ciki kusan mililita 150 ne kacal, allurar ta bar ɗan huji yana ɗiga, in na tashi sai ƙwaƙwalwar ta ɗan sauko tana jan jijiyoyi. Ni ba sai an yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba, wanda ciwon ya same shi haka kawai ba allura ake yi wa. In kwanta, in sha ruwa da kofi. In ya ƙi, a ɗebi jinina a zuba a wurin ya toshe hujin.

Na ce, "Likita, don Allah rubuta mini a takarda in kai wa Gwaggo." Ya ɗauka wasa nake.

Ciwon dai ya warke da kansa. Ita kuma tana can tana gaya wa mutane hayaƙinta ne ya yi aiki.