Jerin gwanayen 'yan wasan jami'o'in Amurka kafin fara kaka

Duk watan Agusta, kafin a fara kakar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a jami'o'i, kafofin labarai kan fitar da jerin 'yan wasan da suka ce sun fi kowa. Da yawa na ɗauka cewa wanda ke saman jerin shi zai lashe kyautar Heisman, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi fice a kakar, a watan Disamba. Ba haka abin yake ba. Jerin nan aikin bara ake dubawa a haɗa shi, sai sunan makaranta da yawan surutun 'yan jarida.

A 2019 idon kowa na kan Trevor Lawrence na Clemson da Tua Tagovailoa na Alabama. Joe Burrow na jami'ar Louisiana State (LSU) kuwa, wanda jifansa 16 kacal suka kai ga cin maki a 2018, ba a ko sa shi a lissafi. Sai ga shi ya yi jifa 60 da suka kai ga cin maki, LSU ta ci wasanninta 15 duka, ya ɗauke kyautar.

Ko wanda ya riga ya lashe ba shi da tabbas. Tun da aka fara bayar da ita a 1935, Archie Griffin na Ohio State kaɗai ya ci sau biyu, a 1974 da 1975.