Yabon da ya kai ni ofis

Watana uku da fara aiki a wani ƙaton sito a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila, bakina ya so ya yanka wuyana. Aikin dare muke yi, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe: ɗaga kwali, ajiye kwali, manna takarda, sake ɗaga kwali. Turancina na makaranta ne, wankakke, gogagge, wanda ba mahalukin da ke magana da irinsa a wurin. Su nasu ta hanci yake fita, a haɗiye rabin kalma, a tofar da ragowar. Sai na ɓullo da dabara. Duk kalmar da na ji ana yawan faɗa, sai in adana ta a ka, in duba fuskokin mutane, in ƙiyasta ma'anarta. Tambaya kuwa, Allah ya tsare. Ni da digirina in tsaya ina tambayar yara 'yan shekara 19 ma'anar kalma?

Da wannan dabarar na kamo kalmar "chav".

Akwai wani saurayi mai tuƙa motar ɗaga kaya. Kullum cikin riga da wandon motsa jiki yake zuwa, da fararen kambas tas kamar ba ƙasa yake takawa ba, da sarƙar wuya mai kaurin da za ta iya riƙe kare, ga wata hular hana-sallah mai zanen murabba'i irin na kamfanin tufafi na Burberry. Ran nan ya zo wucewa, sai na ji wasu biyu sun ce "chav", suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ɗaga musu hannu. Shi ke nan, na gama bincike. Mutum ya ci ado, an faɗi kalma, kowa ya yi dariya har da shi. Ai ɗan gayu ke nan ake nufi, ɗan ƙwalisa. Na ma ƙara da nawa ilimin: kalmar ta yi kama da "cif", to ƙila ƙaramin cif ne, wanda bai kai ga rawani ba tukuna.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar 'yan gwanjo na sayi irin hular a kan fam 5. Mako biyu ina yawo da ita. A cikin bas wata tsohuwa ta dube ni, ta jawo jakarta ta rungume. Na cika na yi fam, na ce a raina ga wariyar launin fatar da ake ba mu labari. Har yau ban san ko fatata ta gani ba ko hular.

Shugabar rukuninmu wata baturiya ce da za ta yi shekara 50, haifaffiyar garin Chatham da ke nan Kent, mace mai kirki. Ita ta nuna min yadda ake ɗaga kaya ba tare da an karya ƙugu ba, ita ta sa baki aka gyara min lissafin albashina na farko. Na daɗe ina neman hanyar da zan faranta mata. Wata Juma'a sai ga ta cikin sabbin kayan motsa jiki ruwan hoda, da 'yan kunne manya kamar awarwaro. Muna tsaye mu wajen goma sha biyar ana rabon aiki. Na gyara murya, na washe baki, na ce da ƙarfi yadda kowa zai shaida:

"Madam, yau kam duk siton nan babu babbar chav kamarki!"

Wani ɗan Poland da ke gefena ya saki salatif ɗin hannunsa, ya gangara har ƙarƙashin tebur, ba wanda ya bi shi. Shugaba ta dube ni, ta dubi hulata, ta sake dubana. Ta ce, "Me ka ce?" Ni kuma da yake baƙo ko da ido makaho ne, na ɗauka ƙarar injin ce ta hana ta ji. Na maimaita. A hankali, dalla-dalla.

Kafin a tashi aiki takarda ta iso: ana son ganina ranar Litinin a ofishin kula da ma'aikata.

Asabar ban yi barci ba. Lahadi na kira Kawu. Ba kawuna ne na jini ba, wani dattijo ne da ya fi shekara 20 yana tuƙa bas a Landan, ya kuma taɓa zama wakilin ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinsu, saboda haka doka a bakinsa take kamar karatun sallah. Na zayyana masa komai. Sai na ji shiru. Na ɗauka layi ne ya yanke, ashe dariya ce ta shaƙe shi. Sai da ya yi tari ya sha ruwa sannan ya ce:

"Yaro, ka san abin da ka ce wa matar nan? Ka tara mutane ka ce mata ballagaza, 'yar talakawa, marar tarbiyya, wadda ta tashi a gidajen gwamnati ba ta san komai ba sai hayaniya. Sau biyu."

"Kawu, wallahi yabo na yi nufi."

"To ka yabe ta, ta ji."

Ya ce kalmar ta mamaye jaridun ƙasar ne a farkon shekarun 2000, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2004. Masu hali ne ke jifan fararen fata 'yan uwansu marasa hali da ita, musamman matasan unguwannin da ƙananan hukumomi suka gina wa talakawa. Hular da nake taƙama da ita kuwa ita ce tambarinsu a idon masu zagin, har ta kai kamfanin ya daina sayar da ita don ya tsira da sunansa. Ina jin haka na zare hular daga kaina, ni kaɗai a ɗaki, na tura ta ƙarƙashin katifa kamar kayan sata.

Na ce, "Kawu, yanzu wariyar launin fata za su ce na yi? Korata za a yi?"

Ya ce in kwantar da hankalina in ji. A dokar daidaito ta 2010 abubuwa tara aka lissafa waɗanda ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba. Akwai shekaru, akwai naƙasa, akwai jinsi, akwai addini, akwai juna biyu, akwai asali, wanda ya haɗa launin fata da ƙasar mutum da ƙabilarsa. Talauci ba ya ciki. Matsayin gidanku ba ya ciki. Wato a Ingila, in ka raina mutum don ubansa lebura ne, ka yi rashin mutunci, amma ba ka taka waccan dokar ba.

"Amma kada ka ɗauka abin wasa ne," in ji shi. "Mutanen nan sun fi jin zafin a taɓa musu aji fiye da a taka musu ƙafa." Ya ba ni labarin Andrew Mitchell, bulaliyar gwamnati a majalisa, wanda a watan Satumban 2012 'yan sandan ƙofar Downing Street, titin gidan firaminista, suka hana shi fita da kekensa ta babbar ƙofa. Aka ce ya kira su "pleb", wato talakawan banza, kalmar da ta samo asali tun daga talakawan tsohuwar daular Rum. Ya rantse bai faɗa ba, amma wata guda na cika sai da ya ajiye muƙaminsa. An ɗaure wani ɗan sanda da ya yi ƙaryar cewa ya shaida abin, duk da haka a 2014 alƙali ya ce alamu sun fi nuna ya faɗa. "Mai babban muƙami ke nan," in ji Kawu, "a kan harafi huɗu. Kai kuma mai ɗaga kwali, naka ma harafi huɗu ne. Gobe ka shiga, ka ba da haƙuri, ka rufe bakinka. Ka ji? Ka rufe bakinka."

Na ce na ji.

Litinin na saka kwat ɗin da na zo da ita don neman aiki. A ofishin akwai shugaba, da wata jami'a mai tabarau riƙe da biro da littafi. Tun kafin su buɗe baki na saki jawabin da na kwana ina haddacewa, wanda Kawu bai san da shi ba. Na ce ni baƙar fata ne, ni ake yi wa wariya, ta yaya zan yi wa baturiya wariya a ƙasarta? Na kawo labarin tsohuwar bas. Na kusa kawo Mandela.

Mai tabarau ta bari na gama. Ta ce da farko, dokar ba ta ware kowa ba, tana kare fari kamar yadda take kare baƙi. Na biyu, ba wanda ya ce na yi wariyar launin fata. Abin da aka rubuta shi ne cin fuska a gaban ma'aikata, kuma wannan ƙa'idar wurin aiki ce ta hana, ba sai an je kotu ba. Gwiwata ta yi sanyi. Na kwana ina wasa takobi, na zo na tarar ba yaƙin ake ba.

Sai na faɗi gaskiya. Na ba su labarin "ƙaramin cif", da hular fam 5. Shugaba ta so ta daure, ta cije leɓe, kafaɗunta suka fara rawa, can sai ta fashe da dariya har da hawaye. Da ta lafa sai ta ce min ita a kanta ba ta damu ba, ta saba. Abin da ya sosa mata rai shi ne 'yarta. Yarinyar ce ta farko a danginsu da ta shiga jami'a, kuma a zangon farko ta dawo gida tana kuka, don duk lokacin da ta buɗe baki a aji sai a kwaikwayi lafazinta, a bi ta da wannan kalmar. Sai da ta koyi wata sabuwar murya, wadda take ajiyewa a bakin ƙofa in ta dawo gida.

Nan dariyata ta tsaya. Wanzami ba ya son jarfa. Ni ma na san yadda nake ji in na yi magana aka ce in maimaita, ba don ba a ji ba, sai don a ji daɗin yadda na faɗa. Ni nawa yana da suna a doka, yana da sashe da lamba. Na 'yarta ba shi da ko ɗaya, alhali kukan iri ɗaya ne. Na ba ta haƙuri har zuciya, ta ce ya wuce. Mai tabarau ta rufe littafi, ta mayar wa biro murfinsa.

A nan ya kamata in miƙe in fita. Ƙofa a buɗe take. Muryar Kawu tana kunnena.

Amma daɗin kuɓuta ya ɗebe ni, na so in nuna musu yanzu na zama ɗan gari. Na ce, "Ai na gode wa Allah da ban kira ki da ɗaya kalmar ba, wadda ake kiran mai motar ɗaga kaya da ita in ya juya baya." Na kuwa faɗe ta, gaɓa biyu, mai farawa da harafin "p". Ba zan rubuta ta a nan ba, na sha wuya isasshiya a kanta.

Mai tabarau ta sake cire murfin biro.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ashe wannan kalmar ba ta talauci ba ce kawai, zagi ne da ake yi wa Romani da sauran al'ummomin da suka gaji yawo a cikin ayarin motoci. Su kuma doka ta san da su a matsayin ƙabila. Tun a 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan ga Romani, a shari'ar wani mai mashaya a Landan da ya kafa allon hana matafiya shiga, sannan a 2000 wata kotu ta faɗi haka game da matafiya 'yan asalin Ireland. Saurayin namu kuwa ɗan Romani ne gaba da baya. Wato kalma ta farko, da na yi zaton za ta kore ni, rashin kunya ce kawai. Ta biyu, da na faɗa ina murmushi, ita ce wariyar da na shigo ina rantsuwar ba zan iya ba.

"Su waye ke kiransa haka?" in ji ta. "Sau nawa ka ji? A wane wuri?"

Na shigo a matsayin mai laifi, na zama mai laifi na biyu, na fita a matsayin shaida. An tura mu mu huɗu horon rabin yini a kan mutunta juna, ni da waɗanda na tona ba da niyya ba. Suna gefe guda suna harara ta, ina gefe guda ina rubuta duk abin da malamar ta faɗa, har da gaisuwarta. Da na kira Kawu da daddare, bai ce komai ba sai, "Na ce ka rufe bakinka ko ban ce ba?"

Bayan mako guda ina jera kwalaye sai ga motar ɗaga kaya ta tsaya a gabana. Saurayin ya kashe inji. Na fara duba hanyar gudu. Ya ce ya ji abin da ya faru. Na tambaye shi me ya sa ran nan ya yi dariya da suka kira shi chav. Ya ce in bai yi dariya ba, kullum sai ya yi dambe, kuma yana da haya da zai biya. Sannan ya ce abin da ke ba shi dariyar gaske shi ne masu zagin ba su san daga ina kalmar ta fito ba. A harshensu "chavi" yaro ne, ɗa. Har gobe haka kakarsa ke kiransa in za ta aike shi.

Ya tambaye ni ina hulata. Na ce tana ƙarƙashin katifa. Ya ce gara ta zauna can, don tun ranar farko ya gane jabu ce, layukan ma a karkace suke. Ya tayar da inji, ya ɗaga min hannu, ya ce, "Sai an jima, chavi."

Ya bar ni tsaye da kwali a hannu, ina lissafin ko wannan ma ta zuwa ofis ce.