Yadda Na Koma Aji Biyu Ban Faɗi Jarrabawa Ba

Sanyi ne ya kore ni daga jami'ata ta farko a Amurka, ko da yake a takardar neman canjin makaranta cewa na yi ina son zurfafa bincike. Wata jami'a a kudancin ƙasar, inda rana ke fitowa da gaske, ta ce in zo.

Lissafina kuwa ya yi daɗi. Na tara kiredit 90, wato awon yawan kwasa-kwasan da ɗalibi ya ci, a shekara biyu, su kuma 120 suke nema kafin su ba mutum digiri. Ko ɗan firamare ya san saura 30. Ban yi wata-wata ba na kira gida.

"Baba, baɗi war haka na gama, in sha Allah."

"Madalla! Allah ya yi albarka. Bari in gaya wa kawunanka."

Mai bizar karatu ta F-1 ba ya tattara komatsansa kawai ya kama hanya. Sunansa na cikin rumbun gwamnati da ake kira SEVIS, sai tsohuwar makaranta ta sa ranar da za ta sake shi, sannan sabuwar ta ba shi takardar I-20, shaidar cewa ɗalibinta ne. Matar ofishin ɗaliban waje ta tambayi ranar da nake so, ɗoki ya sa na ce washegarin jarrabawar ƙarshe. Ashe ranar ce izinina na yin aiki a harabarsu ke mutuwa. Aikin ɗakin karatun da na ci burin yi duk hutu, haka ya bi ruwa.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba.

A sabuwar jami'ar aka tura ni wurin wani dattijo mai ba ɗalibai shawara. Ya buɗe takardar sakamakona, ya jawo wata tsohuwar kalkuleta da lambobinta suka goge, ya gyara tabarau. Tun daga nan jikina ya ba ni. Ya ce can zango uku ake yi a shekara, kowanne wajen mako 10, nan kuwa zango biyu ne, kowanne wajen mako 15. Saboda haka kiredit uku na can, biyu ne a nan. Ya danna, ya juyo mini fuskar kalkuletar: 60.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sake dannawa, ko batir ne ya yi sanyi."

Ya sake, ba gardama. Nan dai 60.

Bai ƙare ba. Kemistiri da na sha da ƙyar da makin D, ya ja masa layi, wai sai C zuwa sama suke karɓa. Wani kwas kuma da na ɗauka don malamin ba ya kiran suna, ya ce ba su da makamancinsa. Aka tsaya a 54, alhali sai da 60 ake shiga aji uku. Ya miƙo mini hannu cikin fara'a, yana yi mini maraba da zuwa aji biyu.

Da dare Baba ya kira.

"Kawunka na tambaya, wane wata ne bikin yayen?"

"Baba, ai... aji biyu nake yanzu."

Ya yi shiru, har na duba ko layin ya yanke.

"Ba bara ma aji biyun ka ce mini ba? Kai, makarantar nan gaba take tafiya ko baya?"